Yaronka Ya Shiga Ruwa

Kpakungu, Minna
Lahadi

Zuwa ga mai ɗakina Basira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Baba da Inna da duk mutanen gida a Zungeru. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya ji ƙan yarinyar nan, ya sa mai cetonmu ce.

Tun ranar da kika bar gidan nan wayarki a kashe take. Na kira ta Baba, ya ce kin ce ba ki da bakin magana yanzu. Shi ya sa na koma wa takarda kamar mutanen da. Zan ba Mariyamu mai kifi ta Kasuwar Kure, tunda kowane mako tana zuwa sari wajenku, kuma ta yi mini alkawarin hannu da hannu za ta ba ki.

Basira, an yi sadakar arba'in, 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Da kika ce za ki je gida ki huta kwana biyu ban hana ki ba, don na ga halin da kike ciki. To amma kwana biyun nan ya ƙi ƙarewa. Abdullahi kullum yana bakin ƙofa, duk keke napep ɗin da ya tsaya sai ya leƙa. Yaro ɗan shekara huɗu, ban san abin da zan ce masa ba. Susan matar maƙwabcinmu Gaiya ce ke yi masa wanka, ita ke ba shi abinci, Allah ya saka mata. Ni kuwa kin san girkina. Shekaranjiya na dafa shinkafa, yaron ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce ya ƙoshi.

Na san abin da ke ranki. Ni na ɗauki yaran nan na kai su yawon Sallah kallon ruwan Gurara mai zubowa daga kan duwatsu, na tafi da biyu na dawo da ɗaya. Wannan ba abin da zan taɓa wanke kaina daga gare shi ba ne. Amma ke mai ilimi ce, kin san idan kwana ya ƙare, ko a kan katifa mutum yake sai ya tafi. Ƙaddara ta riga fata.

Ki dawo ɗakinki. Ban iya zama a gidan nan daga ni sai yaro, ban kuma iya fita, don duk inda na bi sai an tare ni da ta'aziyya.

Ki gaida Baba da Inna da kyau. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Sadisu

*

Zungeru
Laraba

Malam,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, har da ƙarnin kifin Mariyamu. Muna nan lafiya, Baba da Inna suna amsawa. Ka shafa mini kan Abdullahi, ka ce wa Susan na gode, sai dai Allah ya biya ta.

Na karanta takardar daga sama har ƙasa ina neman sunanta, ban gani ba. Wai "yarinyar nan". Zakiyya sunanta. Ga shi ni na rubuta. Shekara tara ina kunyar 'yar fari, in zan kira ta sai in ce "ke", yanzu da ba ta nan kunyar wa zan ji?

Maganar ƙaddara kuma ka adana abarka. Ba a Kanonku kaɗai ake karatu ba, mu ma a nan an koya mana. Ba da Allah nake jayayya ba, da kai nake.

Kana zaton baƙin ciki ne kawai ya kore ni daga Minna. To bari ka ji. Ranar sadakar bakwai wasu mata suka zo gaisuwa daga unguwar Tunga, ina kwance a uwar ɗaka, labule ne kawai tsakaninmu. Ashe ɗaya daga cikinsu ita ma tana Gurara ranar. Da kunnena na ji tana ce wa ta kusa da ita, "An fa yi wa uban ihu. An yi, an sake yi. Ya juyo yana dariya, ya ɗaga hannu, ko motsi bai yi ba." Na haɗiye maganar nan na zauna da ita har arba'in, ina jira ka gaya mini da bakinka. Iyakar abin da ka iya cewa shi ne ruwa ya ja ta. Duk sanda na zuba maka abinci na ga ka sa hannu a kwano, sai in ga hannun nan a sama, in riƙa tambayar kaina wa kake ɗaga wa.

Ka tuna cewa na yi ku je wurin wasan yara na nan cikin gari, su hau lilo da doki mai juyawa, su sha askirim, la'asar ku dawo. Ka ce sun gaji da wannan lilon mai tsatsa, ka ce ya kamata yaro ya buɗe ido ya san ƙasarsa. Na yarda. Na tsaya suyar naman layya, har na zuba muku mai zafi a kula na raka ku bakin mota.

Tambayata biyu ce. An kira ka? In an kira ka, me ya ba ka dariya? Kai malamin Hausa ne, ba ka rasa kalmomi. Kafin ka amsa, kada ka sake aiko mini da maganar dawowa.

Ka huta lafiya.

Basira

*

Kpakungu, Minna
Asabar

Zuwa ga Basira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na sami amsarki, kuma na gode, ko zagi ne ya fi mini shiru. Abdullahi lafiyarsa lau, na shafa kansa kamar yadda kika ce. Sunan da kika ce ban rubuta ba, hannuna ne ya ƙi. Har yanzu ma ya ƙi.

Kin ce ban ba ki labari ba. Ga iyakar abin da zan iya.

Kin san tun da 'yan ajinsu suka je Gurara, zazzaɓi ya hana ta bin su, ba ta da wani zance sai wannan. Gaiya ne ya ce tunda hanyar Suleja ce aikinsa kullum, ranar ba zai yi lodi ba, zai kai mu a motarsa. Muka wuce Chanchaga, muka wuce Paiko, tana manne da taga tana karanta duk allon da ta gani da ƙarfi. Da muka sauka daga babban titi muka kama hanyar wurin, tun ba mu ga komai ba muka fara jin rugugi. Abdullahi ya ce hadari ne. Ita ta ce ba hadari ba ne, ruwan ne.

Basira, ban taɓa ganin ruwa haka ba. Damina ta fara kankama, ruwan ya yi launin kunun kanwa, yana zubowa ta kan duwatsu ta ko'ina, feshinsa na jiƙa riga tun daga nesa. Wurin cike yake da 'yan yawon Sallah. Ga 'yan Abuja da kulolinsu da kujerun roba, ga ɗalibai sun kunna sifika suna rawa, masu gasa masara na fifita, masu hoto na bin mutane kamar an aiko su. Muka shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya muka ci namanki. Ta daɗe tana kallon ruwan, can sai ta ce, "Baba, shi ba ya gajiya?" Na ce ba ya gajiya. Maganar ƙarshe ke nan da muka yi da ita, in ban da "ki kula da takalminki".

Daga nan muka bi matakala muka sauka ƙasa, inda mutane ke hawa duwatsu suna hoto. Na riƙe hannun Abdullahi don shi ne ƙarami, ita tana bayanmu. A can ƙasa ƙarar ruwa ba ta barin ka ji na kusa da kai sai ya ɗaga murya.

E, an kira ni. E, na yi dariya. Ban fahimci abin da aka faɗa ba, na ɗauka wasa ne. Kafin in fahimta mutane sun fara salati, na juya na ga mayafinta kawai. Na faɗa ruwan har ƙirji, wasu samari suka janyo ni. Sauran kin sani. Masunta ne suka same ta can ƙasa washegari da yamma, kuma yadda ruwa ya taɓa ta, dole aka yi mata sutura a ƙauyen da ke kusa. Na san rashin ganinta yana cin ki. Ni na gan ta, kuma roƙon Allah nake ya mantar da ni.

Kada ki tambaye ni wanda ya kira, ko abin da ya ce. Ba shi da laifi, ba na son magana ta koma kansa. Ki ɗora mini duka, zan ɗauka.

Kin ce kada in ambaci dawowa, to ban ambata ba. Ki gaida gida.

Mijinki,
Sadisu

*

Kpakungu
Talata

Maman Zakiyya,

Ina gaishe ka da sunan Allah mai jinƙai. Yaya haƙuri? Yaya Baba da Inna? Ni ne Gaiya maƙwabcinku. Ka yi haƙuri da Hausa na, ka san Malam ya gaji da gyara shi.

Mata na Susan ne ya ce in rubuta. Ya ce in ban rubuta ba, shi da kansa zai hau mota ya zo Zungeru. Malam bai sani ba. Mun ji daga bakin Mariyamu cewa maganar kira da dariya ne ya riƙe ka a gida.

Ni ne na kira.

Da muka fara sauka, na koma in duba ko na kulle mota, saboda haka na zama na baya, ina kan matakala daga sama. Daga nan ina ganin kowa. Na ga Malam a kan dutse da Abdul, ya juya baya, mai hoto yana gyara su. Na ga Zakiyya ya cire takalmi, yana riƙe da gorar ruwan da muka shanye. Tun a mota ya ce zai ɗebo wa Mama ruwan Gurara, tunda Mama bai zo ba. Ya taka ruwan daga bakin-baki, iyakar idon sawu. A lokacin yana tsaye lafiya. Malam ne ya fi kowa kusa da shi, taku kaɗan ne ya kama shi.

Na buɗe murya na ce, "Malam, yaronka ya shiga ruwa." Ya ji ni. Ya duba ƙasa, ya ga Abdul a hannunsa, ya ɗaga hannun Abdul sama ya ce, "Ga shi nan," yana dariya. Na sake cewa, "Yaronka ya shiga ruwa." Ya sake ɗaga hannun. Ya ɗauka tsokana ne irin wanda muka saba. Na fara gudu ina nuni da hannu, mutane sun cika matakala, kafin in kai rabi ƙafan Zakiyya ya zame.

Maman Zakiyya, a yaren mu babu ya, babu ta. Yaro yaro ne, mace ko namiji. Shekara nawa Malam yana ce mini, "Gaiya, ta ake cewa," ina dariya ina ce masa ai ka gane. Da suna na kira, da yanzu yana gida. Yaron da ya girma a ɗaki na, Susan ne ma ya yi masa kitson Sallah, amma ranar sunansa bai zo baki na ba.

Malam bai taɓa ce mini komai ba. Kullum da safe yana gaishe ni kamar da, wannan ya fi duka zafi. Na daina hanyar Suleja na koma na Bida, don ba na iya wuce wannan mararraba na Gurara. Ƙarshen wata zan nemi ɗaki a wani unguwa. In gani na ne zai hana ka dawowa, ba za ka same ni ba. Mijinka ba mugu ba ne. Baki na ne ya kashe yaron.

Ka gafarta mini in za ka iya. Allah ya ba mu haƙuri duka.

Gaiya

*

Zungeru
Juma'a

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Abdullahi. Takardarka ta zo, ta Gaiya ta biyo bayanta. Kada ka yi masa faɗa, ya fi ka kyauta mini.

Yanzu na san abin da aka ce, na san abin da ka amsa. A da ina zaton ganin ta ka yi cikin ruwan ka ɗaga mata hannu. Wannan ya fita daga raina, alhamdu lillahi. Sai dai abin da ya shigo madadinsa bai fi shi sauƙi ba.

Ka gaya wa Gaiya kada ya tashi daga unguwar nan saboda ni. Ba ni riƙe da shi da komai. A Zungeru aka haife ni, cikin Gbagyi da Nufawa na tashi, da irin Hausar nan a kunnena na girma. Na karanta takardarsa daga farko har ƙarshe, yana ce mini "ka", yana ce wa 'yata "shi", ko sau ɗaya ban ruɗe ba.

Kai ma ba ka ruɗewa, Malam. Ka fi shekara goma a Minna. Kullum Gaiya na ce maka "mata na ya gaishe ka", ba ka taɓa zaton Susan ta koma namiji ba. Kana ganewa sarai, sannan ka gyara masa, don gyaran na yi maka daɗi. Ranar da malamar su Zakiyya ta tare ka a bakin makaranta ta ce "yaronka ya zo na ɗaya", ka dawo gida kana ba ni labari kana kwaikwayon bakinta. Ranar ba ka dubi Abdullahi ba. Ka san da wa take.

To me ya faru a Gurara? Ƙarar ruwa ba ta hana ka jin kalmomin ba, ka ji su duka. An ce yaronka, ka duba hannunka, ka ga wanda ke ciki, hankalinka ya kwanta. Yara biyu ka tafi da su. Ko mai kiwo aka ce wa akuyarsa ta faɗa rijiya, sai ya waiga ya ƙirga dabbobinsa kafin ya yi dariya. Kai ba ka waiga ba.

Za ka ce shi ne ƙarami, dole a riƙe shi. Gaskiya ne. Za ka ce kunyar 'yar fari ce ta hana ka riƙe hannunta. Ni ma ai na yi kunyar, ban isa in zarge ka a kan wannan ba. Amma ni da baki nake kunyarta, idona kullum yana kanta. Tun ranar sunan Abdullahi na ga inda idonka ya koma. Na yi shiru, na ce haka maza suke, ba ya kashe kowa.

Ban ce ba ka son ta ba. Kai ka kai ta inda take mafarki. Cewa nake a lokacin da babu damar tunani, zuciyarka ta ƙirga 'ya'yanta, ta sami ɗaya.

Wannan shi ne abin da ban san yadda zan zauna ɗaki ɗaya da shi ba. Baba ya ce in koma, Inna ta ce aure haƙuri ne, ni kuma na gaji da kuka har kaina na sara. In kana da wata amsa ka ba ni. Wallahi na fi ka neman ta.

Ka huta lafiya.

Basira

*

Kpakungu, Minna
Litinin

Zuwa ga Basira,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida su Baba. Na isar wa Gaiya saƙonki, ya zauna a bakin ƙofarsa ya rufe fuska da hula.

Na nemi amsar da kika ce. Jiya na hau motar haya na koma Gurara ni kaɗai. Wurin yana nan yadda yake. Ana gasa masara, ana kiɗa, a kan dutsen da na tsaya wani ango da amaryarsa ne ake wa hoto. Na jira suka sauka, na hau, na tsaya yadda na tsaya ranar, sannan na waiga. Basira, inda ta tsaya kusa ne. Na kira sunanta da ƙarfi, karo na farko a rayuwata, ruwan bai bari ko ni na ji ba.

Ba ni da amsa. Na juya maganarki ta kowace fuska, ban sami inda zan ce ƙarya ce ba.

Yau a makaranta darasin 'yan aji ɗaya ya faɗo kan jinsi. Na rubuta "ya" a gefe ɗaya na allo, na rubuta "ta" a ɗaya gefen, na tsaya ina kallon su. Yara na jira. Na ajiye alli na fito, ban san ko zan koma ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Abdullahi. Yanzu shi ma ban iya riƙe hannunsa. Ɗazu a bakin titi ya miƙo mini, na ce ya kama rigata. Yaron bai yi wa kowa laifi ba, ga shi ba uwa a gida, uban kuma kallon sa ma yana yi masa wuya.

Ba don ni nake roƙo ba. In kin dawo, ba zan nemi ki yafe mini ba. In kuma takardar saki kike so, zan rubuta, ko hannun zai shanye. Abin da kika ce shi za a yi.

Allah ya sa mu dace. Ki huta lafiya.

Sadisu

*

Zungeru
Alhamis

Malam,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonka. Ban nemi takarda ba, kada ka rubuta. Dawowa kuma ba zan iya ba.

Jibi zan shigo Minna da motar safe. A tasha zan tsaya, ba zan ƙaraso Kpakungu ba. Ka ce wa Gaiya da Susan su same ni a can su kai ni Gurara. Ina so in tsaya a kan matakalar nan, inda Gaiya ya tsaya, in ga wurin da idona. Daga can zan komo Zungeru.

Ba sai ka zo ba. Kai ka zauna da yaronka, ka riƙe hannunsa da kyau.

Ka huta lafiya.

Basira